Mai Ƙarfi Ne Kaɗai Ya Cancanci Rayuwa?

Kolokonde gari ne a ƙasar Jugu, wato Djougou, a arewacin Jamhuriyar Benin, an kuwa san shi da karar shanu. Ranar kasuwa Fulani sukan koro dabbobinsu tun da sassafe, dillalai da mahauta da masu saye daga Parakou da kudu su taru ana ta ciniki. Wanda ya tsaya ya duba da kyau zai ga shanun ƙasar nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai dogaye farare masu tozo da manyan ƙahoni. Akwai na Borgu, matsakaita. Can wajen duwatsun Atakora kuma akwai gajeru marasa tozo, shanun Somba, 'yan'uwan waɗanda Hausawa suke kira muturu. Mai saye da ido, dogon zai zaɓa. Amma a kai su duka kurmi inda ƙudan tsando yake, sai sammore ya kama dogon nan, ya rame, ya kwanta, gajeren kuwa yana ta kiwonsa. To, a cikin su biyu wane ne mai ƙarfi?

Wannan tambaya ta makiyaya ta shiga gidajen masu bi ta wata ƙofa. Yara sukan dawo daga makaranta da koyarwar da ake kira zaɓin halitta. Wani saurayi ya ce ashe dokar duniya ke nan, mai ƙarfi ya rayu, mara ƙarfi ya kauce. Mahaifinsa kuma ya ce koyarwar ƙarya ce ta marasa tsoron Allah, kada a ƙara ambatonta a gidansa. A gida na gaba kuwa ga yarinya mai ciwon sikila tana kwance tana kuka da ƙasusuwa. Maganar nan tata ce fiye da ta kowa, gama idan saurayin nan ya yi gaskiya, ita ce wadda za ta kauce. Saboda ita ya kamata a bi maganar a hankali.

Abin da Darwin ya lura da shi

Charles Darwin mutumin Ingila ne, an haife shi a 1809. Daga 1831 zuwa 1836 ya zaga duniya cikin jirgin ruwa yana duban tsuntsaye da tsire-tsire da duwatsu. A 1859 ya buga littafinsa a kan asalin ire-iren halittu. Wani mutum kuma, Alfred Russel Wallace, ya kai ga wannan tunani shi kaɗai, har aka karanta takardunsu tare a London a 1858.

Koyarwar tana tsaye a kan abubuwa huɗu, kowane manomi kuwa ya san su. Na fari, 'ya'yan uwa ɗaya ba sa zama daidai da juna. Na biyu, yawancin bambancin nan ana gadonsa, shi ya sa ake cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na uku, abin da ake haifa ya fi abin da yake rayuwa yawa nesa ba kusa ba. Macen sauro takan zuba ƙwai ɗari ko fiye a zama ɗaya, da dukansu suna girma da ba wanda zai iya buɗe baki. Na huɗu, waɗanda halinsu ya dace da wurin da suke, su ne suka fi kaiwa ga haihuwa, 'ya'yansu kuma su gaji halin. Idan aka yi ta haka tsara bayan tsara, sai irin ya sauya. Idan shekarun suka kai dubbai da miliyoyi, sai iri ɗaya ya rabu biyu.

Manomi yakan ware zangarniyar dawa mafi kyau ya rataye domin iri. Bafulatani yakan bar bijimi ɗaya ya fiɗiye saura. Wannan zaɓi ne na mutum, mai nufi. Darwin ya ce fari da yunwa da cuta da namun daji su ma suna yin irin wannan aiki, sai dai ba da nufi ba. Kamar iska ce wajen shiƙa: tana raba tsaba da ƙaiƙayi, amma ba ta san tana yi ba. Ƙudan tsando bai zauna ya shirya shanun Somba ba. Kakanninsu da ba su iya jure sammore sun mutu da wuri, masu jurewa suka haihu, har jurewa ta zama halin irin.

Shaida a ɗakin magani da gonar auduga

Ba sai an je Ingila kafin a ga wannan ba. Dattawa suna tunawa da zamanin da ƙwayar kulorokwin, wadda a ƙasashen Faransanci aka sani da Nivaquine, take kashe zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin ƙwayar cutar da ba ta jin maganin a Asiya da Amurka ta Kudu. A 1978 ta bayyana a Gabashin Afirka, a shekarun 1980 ta iso Yammacin Afirka. Yara da yawa suka mutu da magani a cikinsu. Benin ta sauya tsarin maganinta a 2004, Nijeriya kuma a 2005.

Mutane sukan ce cutar ta saba da maganin, kamar yadda jaki yake saba da duka. Abin ba haka yake ba. A cikin miliyoyin ƙwayoyin cuta, akan sami 'yan kaɗan da suka zo da ɗan sauyi a gadonsu tun kafin su gamu da maganin. Maganin ya kashe sauran, ya bar musu fili. Duk wanda ya sha rabin ƙwayoyi ya ajiye saura domin ya ji sauƙi, ko ya sayi jabu a tire, yana taimakon masu taurin kai.

Manoman auduga na Borgu sun ga irin wannan a ƙarshen shekarun 1990, sa'ad da tsutsar auduga ta daina jin feshin da aka daɗe ana yi mata. Aka dawo da wani magani mai dafi sosai, endosulfan, a daminar 1999, mutane da dama suka mutu da gubarsa, daga baya gwamnati ta hana shi. Sauro ma da yake ƙyanƙyashewa a kududdufai kusa da gonakin ya daina jin irin feshin farkon nan, alhali kuwa danginsa ne ake shafa wa gidan sauro. Shi ya sa a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da gidajen sauro masu magani biyu, bayan gwajin da aka yi a Tanzaniya da Benin.

Akwai kuma labarin Malawi. A 1993 ƙasar ta daina ba da kulorokwin. Bayan shekara goma da 'yan kai aka gwada, sai ga maganin yana aiki kamar dā. Dalili kuwa, taurin kan nan yana da tsada ga ƙwayar cutar. Da aka ɗauke maganin, masu taurin suka zama su ne raunana, aka rinjaye su. Nan ne amsar tambayar karar Kolokonde take: zaɓin halitta bai san mafi kyau ba, bai kuma san mafi daraja ba. Abin da ya dace da wannan wuri a wannan lokaci, shi kaɗai yake bari. Wuri ya sauya, gwani ya zama na baya.

Gadon da yake ceto, yake kuma kisa

Yanzu a koma wajen yarinyar nan. Ciwon sikila, wanda ake kira amosanin jini, yana zuwa ne daga ɗan ƙaramin sauyi a cikin gado. Jajayen ƙwayoyin jini, maimakon su zauna a kewaye, sai su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ne ciwon ƙashi da ƙarancin jini da kumburin hannu da ƙafa suke fitowa. Kowane mutum yana karɓar gado biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda ya karɓi na sikila daga gefe ɗaya, shi ne AS, yana zaman lafiyarsa. Wanda ya karɓa daga gefe biyu, shi ne SS, shi ke da ciwon.

Tambayar da ta dami masana ita ce, tun da yara masu SS suna mutuwa da ƙuruciya shekaru aru-aru, don me gadon bai ƙare ba? A Nijeriya wajen mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya yi bincike a Gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro. Bincike na baya ya tabbatar cewa kāriyar daga zazzaɓi mai tsanani tana kaiwa kusan kashi 90 cikin 100. Saboda haka a ƙasar sauro, yaro mai AA yana cikin hatsarin zazzaɓi, mai SS yana cikin hatsarin sikila, mai AS kuwa ya fi tsira, ya girma, ya miƙa gadon gaba. A Benin da Burkina Faso da arewacin Gana akwai kuma wani iri, C, wanda shi ma yake kārewa daga zazzaɓi, amma idan ya haɗu da S yakan kawo ciwon SC.

Wannan sani ya wanke mata da yawa. A dā, matar da 'ya'yanta suke mutuwa bi da bi akan ce wabi take yi, ko a zargi kishiya, ko a nuna wata tsohuwa a ce mayya ce. Wasu mazan sun saki matansu, ba su sani ba rabin gadon daga jininsu ya fito. Yarinyar nan ba la'ananniya ba ce. Gadon da ya raya kakanninta a gefen uwa da gefen uba, shi ne ya haɗu a jikinta ya yi mata yawa. Ƙanenta mai AS da yake wasa a waje ba zazzaɓi, daga tukunya ɗaya aka zuba musu.

Inda saurayin ya yi tuntuɓe

Saurayin nan ya ji gaskiya, amma ya ɗora mata abin da ba nata ba. Faɗin yadda abu yake faruwa daban, faɗin abin da ya kamata mutum ya yi daban. Ruwa yana gangarawa ƙasa, amma ba wanda ya ce saboda haka a bar yaro ya faɗa rijiya. Kura tana cin ɗan akuya, ba a kuwa kai ta gaban alkali, gama ba a ba ta sanin nagarta da mugunta ba. Mutum an ba shi. Wanda ya ce zai bi dokar daji, ya zaɓa ne, kuma za a tambaye shi a kan zaɓinsa.

An taɓa gwada wannan hanya, an ga ƙarshenta. A 1864 Herbert Spencer ya ƙago kalmar nan ta cewa mafi dacewa shi ke wanzuwa, masu dukiya da masu mulkin mallaka suka karɓe ta da murna, domin ta ba su hujjar taka na ƙasa. A 1883 Francis Galton ya raɗa suna ga shirin gyaran irin ɗan adam, kamar yadda ake gyaran garke. A Jamus, daga 1939 zuwa 1941, gwamnatin Hitler ta kashe naƙasassu da masu taɓin hankali fiye da 70,000, tana cewa nauyi ne a kan ƙasa. A watan Agusta na 1941 Bishop Clemens von Galen na birnin Münster ya hau bagadi ya la'anci kisan a fili. Hujjarsa ita ce, idan aka yarda a kashe wanda ba ya iya aiki, to, kowa yana layi, gama kowa zai tsufa.

Darwin kansa ya san zafin abin. 'Yarsa Annie ta mutu a 1851 tana da shekara goma, bai kuwa taɓa warkewa daga rashinta ba. A littafinsa na 1871, ko da yake akwai maganganu marasa kyau a kan kabilu irin na Turawan zamaninsa, ya yarda cewa idan mutane suka danne tausayin raunana, za su lalatar da abin da ya fi daraja a cikin halinsu.

Har ma a cikin daji, ƙarfi ba shi ne dukan labarin ba. Tururuwa da zuma da gara sun cika duniya ta wurin aikin gayya. Jaririn mutum yana da rauni ƙwarai, shekaru yake yi a goye da hannu, da ba don reno ba da ɗan adam ya ƙare tuni. Amma Kirista ba ya jiran tururuwa ta ba shi izinin yin jinƙai. Yana yi ne domin kowane mutum, mai lafiya da mara lafiya, an yi shi cikin kamannin Allah, kuma Ubangijin da yake bi ya taɓa kutare da hannunsa, ya mutu mutuwar wanda aka rinjaya.

Inda mahaifin ya yi gaggawa

Mahaifin ma, da kyakkyawar niyya, ya rufe ƙofar da ba ta bukatar rufewa. Tsoronsa shi ne idan halittu suna sauyawa ta hanyar da za a iya bayyanawa, to, an kori Mahalicci. Amma malamin kimiyya yana bayyana yadda girgije yake haɗuwa, manomi kuma yana gode wa Allah domin ruwan sama, ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ungozoma ta san yadda ciki yake girma wata tara, duk da haka takan ce Allah ya raya. Littafin Farawa yana koyar da wanda ya yi duniya da abin da mutum yake a gabansa. Ba a rubuta shi domin ya zama littafin aikin gona ko na likita ba.

A 1950 Paparoma Pius na 12 ya ce ba a hana bincike a kan yadda jikin mutum ya samo asali ba, muddin an riƙe cewa ran mutum daga Allah yake. A watan Oktoba na 1996 Paparoma Yohanna Bulus na 2, wanda ya ziyarci Parakou a 1993, ya ce shaidu sun taru har koyarwar sauyawar halittu ta wuce matsayin zato. Akwai masu bi a ikilisiyoyi dabam dabam waɗanda ba su yarda mutum ya haɗa kakanni da dabbobi ba, muhawarar kuwa tana nan a tsakanin 'yan'uwa. Amma ko mai wannan ra'ayi, in ɗansa ya kamu da zazzaɓi, sabon magani zai nema. Wanda kuma ya fara gano ƙa'idar gado, Gregor Mendel, ɗan zuhudu ne. A lambun gidan ibadarsu ya yi shekaru yana shuka wani irin wake yana ƙirga 'ya'yansa, ya buga sakamakon a 1866.

Akwai tambaya ɗaya da ta rage da nauyinta: don me kāriya daga zazzaɓi za ta zo da farashin 'ya'ya marasa laifi? Kimiyya ta faɗi hanyar, ba ta share hawayen uwa ba. Abokan Ayuba sun yi ƙoƙarin ba da dalili, aka tsauta musu. Abin da ya fi kyau da suka yi shi ne zaman da suka yi kusa da shi kafin su buɗe baki. Mai bi yana iya kai ƙararsa gaban Allah kamar Ayuba, sa'an nan ya tashi ya yi abin da yake hannunsa.

Abin da yake hannun mutum

Ƙirgar Mendel ta shafi kowane saurayi da budurwa. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da hatsari ɗaya cikin huɗu na haihuwar SS. Ba wai a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai kamu ba. Kowane ciki sabon jefa ƙuri'a ne, ana iya samun uku a jere, ana iya rasa ko ɗaya. Don haka gwajin jini ya kamata a yi shi da wuri, tun kafin a kai gaisuwa da kayan baiko, lokacin da rabuwa ba ta zama abin kunya ga dangi biyu ba.

Wani zai ce, ashe wannan ma zaɓe ne irin na Galton? Tambayar tana da nauyi, bai kamata a raina ta ba. Bambancin yana wuri biyu. Na ɗaya, mutum biyu ne suke yanke shawara a kan ransu, da sani, ba hukuma ce take tilasta musu ba. Aikin dattawan ikilisiya shi ne su tabbatar an faɗa musu gaskiya duka, su yi addu'a tare da su, su kuma riƙe asirin sakamakon, kada a mai da mai AS abin nuni a gari. Na biyu, gudun jawo wa yaro wahala tun ba a ɗauki cikinsa ba, ba ɗaya yake da raina yaron da ya riga ya zo ba. Wanda ya zo, ya zo da cikakkiyar daraja.

An kuma ga abin da kulawa take yi. A Kwatano, tun 1993, Farfesa Mohamed Chérif Rahimy da abokan aikinsa suka fara gwada jarirai da koya wa iyaye yadda za su lura da su, mutuwar yaran kuwa ta ragu ƙwarai. Abubuwan ba na masu kuɗi kaɗai ba ne: gidan sauro, shan ruwa da yawa, rufe jiki lokacin hunturu, rigakafi, da garzayawa asibiti da zarar zazzaɓi ya taso. Masu sikila da yawa sun girma, sun zama malamai da likitoci da iyaye.

Saurayin nan yana da jini mai kyau da ƙafafu masu ƙarfi. Ranar da aka ce yarinyar maƙwabta tana bukatar ƙarin jini a asibitin Jugu, ana neman mai bayarwa da mai kai ta a kan babur, a ranar ne za a san abin da ya fahimta daga karatunsa. Mahaifinsa kuma, in ya bar littafin ya shigo gida, zai iya zama na fari da zai hana a kira tsohuwar unguwa mayya.